Cin Abinci a Bakin Tafkin Bosomtwe: Kira ga Jama'ar Zango da Masu Masaukinsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan wani al'amari da mutane da dama za su ɗauka ƙarami ne, alhali ya shafi mutuncinmu da lafiyarmu da kuma zaman da muke yi da masu masaukinmu a ƙasar Asante. Al'amarin shi ne yadda jama'ar zangunan Kumasi suke cin abinci idan sun je hutu bakin Tafkin Bosomtwe, musamman a ƙauyen Abono, inda motoci suke sauke mutane kuma jiragen yawo suke jiran fasinja. Ra'ayina a taƙaice shi ne lokaci ya yi da za mu riƙa zama mu ci abin da mutanen ƙauyen suka dafa, mu biya su haƙƙinsu, su kuma a taimaka musu su gyara 'yan abubuwan da suke hana Musulmi cin abincinsu da kwanciyar hankali.

Saboda masu karatu na Ankara da Tamale da waɗanda suke wajen Ghana, ya kamata in faɗi irin wurin da nake magana a kansa. Tafkin yana kudu maso gabashin Kumasi da tazarar kimanin kilomita 30. Mai tafiya yana bi ta Atonsu zuwa Kuntanase, hedikwatar gundumar Bosomtwe, daga nan ya hau tudu sannan hanya ta gangara da shi ƙasa da lanƙwasa iri-iri har bakin ruwa. Masana ilmin ƙasa sun tabbatar cewa wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya sama da shekara miliyan 1 da suka wuce, ya haƙa rami mai faɗin kilomita 10.5, ruwan sama ya taru a cikinsa. Faɗin ruwan kansa ya kai kimanin kilomita 8, zurfinsa a tsakiya ya kusa mita 80, kuma shi ne tafki ɗaya tilo a Ghana wanda ba hannun mutum ya tare shi ba, domin Tafkin Volta madatsar Akosombo ce ta haifar da shi bayan an gama ginin ta a 1965. A 2004 masana daga ƙasashe daban-daban sun zo sun huda ƙasan tafkin sun ɗebi laka da duwatsu don nazarin yanayin da yankin ya shiga a shekarun baya masu nisa, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta saka shi cikin jerin wuraren da ake kiyaye halittu da muhallinsu tare da rayuwar mutanen da suke zaune a ciki. Ƙauyuka kusan 30 ne suka kewaye shi, kuma kamun kifi da noma ne abincin yawancin mutanensu.

Duk wanda ya tashi a Aboabo ko Asawase ko Sawaba ko Tafo ya san yadda tafiyarmu take. Kashegarin Sallah, ko wata ranar hutu kamar 6 ga Maris, ranar samun 'yancin kan Ghana, makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin mata da na samari sukan yi hayar motoci, a cika su da mutane, a cika bayansu da kuloli. A cikin kulolin akwai dafa-duka da wake da shinkafa da shito da soyayyen naman layya da ƙosai da waina, ga zoɓo da burkina a cikin ƙanƙara, ga buhunan ruwan leda. Idan an isa sai a biya kuɗin shiga a shinge, a nemi inuwa a shimfiɗa tabarmi, a ci, a yi hotuna, waɗansu su shiga jirgi su zaga, da la'asar a tattara a hau mota a koma gida. Matan ƙauyen da suka tashi tun asuba suka hura wuta suka jera kifinsu a faranti suna kallon ɗaruruwan mutane suna wucewa ta gabansu, da wuya a sami wanda ya tsaya ya tambayi farashi. Abin da muke bar musu da yamma shi ne ledoji da robobin abinci da ƙasusuwan da ba daga tukunyarsu suka fito ba.

Ba na zargin jama'armu da rowa, domin wanda ya san yadda ake rabon nama da tuwo a zango ranar Sallah ba zai yi wannan zargin ba. Dalilin farko da ya sa muke tafiya da abincinmu shi ne tsoron cin haram, kuma tsoro ne mai tushe. A ɗakunan cin abinci na ƙauyukan Asante ana dafa naman daji, musamman gyazbi da gada, waɗanda galibi tarko ko bindiga ce ta kashe su ba tare da yanka ba. A wasu wuraren ana soya naman alade, kuma ba abin mamaki ba ne a soya shi a kaskon da ake soya kifi, da mai ɗaya da cokali ɗaya. Miya guda tana iya ƙunsar nama kala uku, mai ci ba zai iya rarrabewa ba. Ga bammi da giyar kwalba a teburin da ke kusa, ga kiɗa mai ƙarfi da ba ya tsayawa lokacin azahar. Uwar da ta ɗauko 'ya'yan mutane talatin daga makaranta tana da hujja idan ta ce ba za ta saka su cikin shakka ba. Dalili na biyu shi ne kuɗi: dafa abincin mutum hamsin a gida ya fi sauƙi a kan saye musu kwano-kwano. Dalili na uku kuwa al'ada ce kawai, wato mun taso mun tarar ana yin haka.

Amma akwai abin da muka manta, wanda kowane ɗalibin da ya yi karatun farko a zaure ya sani. Kifi ba ya bukatar yanka. Alkur'ani mai girma a Suratul Ma'ida ya halatta mana farautar ruwa da abincinsa, kuma hadisin da Imam Malik ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, ya bayyana cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. A mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu muke bi babu wani tarnaƙi a kan wanda ya kama kifin ko addininsa. Ke nan a ƙauyen da babban abincinsa kifi ne, rabin matsalarmu a warware take tun kafin mu sauka daga mota. Abin da ya rage shi ne mai da kasko da wuƙa da abin da aka haɗa kifin da shi, kuma waɗannan duka ana iya gani da ido, ana iya tambaya da baki.

Na tsaya a gaban wata mai suya a gefen hanyar da take gangarawa bakin ruwa, na kalli aikinta daga farko har ƙarshe. Kifin ƙananan karfasa ne, waɗanda mutanen wurin suke kira apatre, yawancinsu ba su wuce tafin hannu ba. Ta kankare ɓawonsu da bayan wuƙa, ta tsaga cikinsu da babban yatsa, ta wanke, ta yi musu zane biyu a kowane gefe, ta shafa gishiri da niƙaƙƙen citta da tafarnuwa, sannan ta zuba su cikin mai mai zafi har suka yi ja suka bushe ta yadda ake tauna su har da ƙaya. 'Yarta tana gefe tana niƙa attarugu da tumatir da albasa a cikin kaskon ƙasa mai zane a ciki, wanda Asantawa suke kira apotoyewa, da ɗan guntun muciya na katako. Na tambaye ta da yaren Tuwi ko tana soya wani abu ban da kifi a wannan kasko, ta ce babu, ta kuma ɗaga murfin galan ɗin man ta nuna mini. Ta kawo kifin da dokunu mai zafi a ganyensa, ta kawo ruwa da sabulu na wanke hannu. Babu wani abu a wannan kwano da malami mafi tsantseni zai ce a ajiye, kuma ɗanɗanon kifin da aka fitar daga ruwa da safe aka soya da hantsi ya sha bamban da na kifin firiji da muke saye a Asafo.

Yana da kyau mai ci ya san wahalar da take bayan wannan kwano. Masuntan Bosomtwe ba sa amfani da kwale-kwale irin wanda muka sani a Yeji ko a bakin teku. Bisa tsohuwar al'adar Asante an hana ƙarfe taɓa ruwan tafkin, saboda haka tun kaka da kakanni masunci yana hawa wani dogon katako mara rami da ake kira padua, ya zauna a kansa ƙafafunsa cikin ruwa, ya riƙa tuƙi da hannuwansa ko da 'yan sakaina, ya jefa birgi ko ya duba tarkunan da ya kafa tun jiya. Na ga wani dattijo ya fito da hantsi, ya ja katakonsa kan yashi, ya sauke ɗan kwandon da ke ɗaure a gabansa, abin da ke ciki bai cika rabin bokiti ba. Mata uku suna tsaye suna jiransa, kowace da kwanonta.

Ƙarancin kifin yana da dalilai da aka sani. Na farko, girman tafkin yana ruɗin ido: ruwan da ke can ƙasa ba shi da iskar da kifi yake shaƙa, saboda haka kifin yana rayuwa ne a saman ruwa da gefuna kawai. Na biyu, masunta sun yi yawa, kuma raga mai ƙananan ido tana kwashe 'ya'yan kifi kafin su girma su hayayyafa. Na uku, an sare itatuwan gangaren an yi gonaki har kusa da bakin ruwa, ruwan sama yana wanko ƙasa da taki da maganin feshi zuwa wuraren da kifi yake ƙwai. Shi ya sa manyan karfasan da ake gasawa a wasu wuraren cin abinci na bakin tafkin sukan zama baƙi kamar mu. Mafi yawan karfasan kiwo a Ghana daga kejin da aka kafa a Tafkin Volta suke fitowa, kuma wani mai gashi da na tambaya bai ɓoye mini ba cewa nasa daga Kumasi ake kawo masa cikin ƙanƙara. Wannan ba laifi ba ne muddin an faɗa wa mai saye gaskiya.

A nan mai hankali zai tambaye ni: idan kifin ya yi ƙaranci, kiran dubban mutanen zango su zo su ci ba zai ƙara kwashe shi ba? Tambaya ce mai nauyi, kuma amsata tana da ɓangare biyu. Da farko, masuncin da yake sayar da kifinsa da arha ga dillali dole ne ya kama da yawa kafin ya ciyar da gidansa, amma wanda matarsa take soyawa ta sayar wa baƙo kai tsaye da farashi mai kyau yana iya samun kuɗin da kama kaɗan. Idan baƙi suka saba da neman kifin da ya girma, suka ƙi sayen 'yan mitsi-mitsin da ba su kai yatsa ba, kasuwa da kanta za ta koya wa masu ragar ƙananan ido darasin da wa'azin jami'ai bai koya musu ba. Na biyu, abincin ƙauyen ya wuce kifi. Gangaren tafkin cike yake da agada da rogo da gwaza da lemo da fiya da kwakwar manja. Akwai dafaffiyar agada da gwaza da miyar ganyen gwaza, wadda ake niƙawa a apotoyewa a zuba manja da ɗan kifin gishiri, abin da Asantawa suke kira ampesi da kontomire. Akwai eto, wato agada da aka daka da manja aka ɗora gyaɗa da dafaffen ƙwai da fiya. Akwai gasasshiyar agada da gyaɗa, da soyayyiyar doya da yaji, da ɗanyar kwakwa da ake sara wa mutum a gabansa. Duk waɗannan babu nama a cikinsu, kuma kuɗinsu yana shiga hannun manomi ne. Iyalin da suka ci ampesi suka raba kifi uku ko huɗu a tsakaninsu sun ƙoshi, sun amfani gida biyu, ba su kuma yi wa tafkin nauyi ba.

Masu masaukinmu ma akwai abin da yake kansu, kuma ina faɗar sa ne a matsayin wanda yake son kasuwarsu ta ci. Babban abin da zai jawo Musulmi shi ne a ware kasko da mai da wuƙa da waya ta gashi don kifi kaɗai, a kuma rubuta hakan a allo da Turanci da Tuwi da Hausa. Wannan ba ya cin kuɗi mai yawa. Sai farashi. Na taɓa zama da iyalina a wani wurin cin abinci da ba zan ambaci sunansa ba, aka faɗa mana kuɗin kwano kafin mu ci, da muka gama aka kawo lissafin da ya kusa ninki biyu, aka ce yajin daban, kujera daban, ranar hutu ma tana da nata. Na biya domin ba na son hayaniya a gaban yara, amma waɗanda muka je tare da su sun ɗauki labarin zuwa unguwa, kuma irin wannan labari yana hana mota guda ta mutane sayen ko da ƙwallon lemo a shekara mai zuwa. Allon farashi a ƙofar kowace rumfa zai kashe wannan matsalar, ya kuma kare masu gaskiya daga sharrin marasa gaskiya.

Batun ruwa ya fi wannan muhimmanci. A ranar hutu bakin tafkin yana cika da masu wanka, kuma ba daidai ba ne a ɗebi ruwa daga wannan wuri a wanke kwanon da mutum zai ci abinci a ciki ko ganyen da za a ci ɗanye. Kumasi da Ankara sun san abin da amai da gudawa yake yi idan ya ɓarke, kuma hanyarsa ita ce ruwa da hannu da kwano. Ana bukatar ruwan burtsatse a wurin masu abinci, da bokiti mai famfo da sabulu a gaban kowace rumfa, da makewayi mai tsabta nesa da bakin ruwa. Tunda ana karɓar kuɗin shiga daga kowane baƙo, ina ganin ya dace a ware wani kaso bayyananne na wannan kuɗi don ruwa da makewayi da kwandunan shara, a kuma riƙa sanar da jama'a abin da aka yi da shi. Haka nan wani ɗan fili mai inuwa, nesa da lasifika da teburin masu sha, inda za a ajiye butoci da tabarmi a nuna alƙibla, zai sa mutanenmu su zauna har la'asar cikin natsuwa, kuma wanda ya zauna shi ne yake sake sayen abinci.

Game da nama kuwa, wato ga waɗanda ba sa jin sun yi hutu sai sun ci tsire, maganin yana hannunmu. Sana'ar fawa da gashi a Kumasi tun da daɗewa tana hannun mutanen zango, kuma Asantawa da kansu sun yarda da tsirenmu da kokonmu da tuwon zafinmu. Babu abin da zai hana ƙungiyar mahauta ta shirya wasu 'ya'yanta su riƙa zuwa bakin tafkin ranakun hutu da naman da aka yanka bisa shari'a. Sai dai a nan nake so a yi hattara sosai. Idan muka kwashi masu abincinmu daga Aboabo muka jera su a bakin ruwa suna sayar da shinkafa da taliya da kifin firiji ga mutanenmu, to, mun mayar da kular gida ta zama rumfa ne kawai, matan ƙauyen kuma sun koma kallo kamar da, har ma da ƙarin takaicin cewa an mamaye musu wuri. Abin da ya dace shi ne haɗin gwiwa: mai tsire ya je ya gaida mai gari da dattawansa ya nemi izini, ya kafa tukubarsa kusa da mai dokunu da mai agada, ya sayi albasa da tumatir da itace a ƙauyen, ya ɗauki yaron ƙauyen aiki, ya bar kifi da sauran abinci ga mutanen ƙauyen. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Salaga da Kumasi neman goro sun san wannan ladabi. Ba su shiga gari sai da sanin mai gari, suna da mai masauki da yake tsaya musu, kuma suna barin riba a duk inda suka yada zango. Da wannan hali suka sami wurin zama a Kumasi har Turawan da suka zo fadar Sarkin Asante Osei Bonsu a 1817 da 1820 suka tarar da Musulmi suna da daraja a cikinta.

Akwai kuma waɗanda suke ƙyamar abincin wurin saboda aƙida. Sun ji cewa Asantawa suna ɗaukar tafkin wuri mai tsarki, suna cewa rayukan matattu suna zuwa can su yi ban kwana, kuma idan kifi ya yi ƙaranci ana yanka saniya a wurin wani dutse a Abrodwum. Duk wannan gaskiya ne game da al'adarsu. Musulmi ba ya halartar wannan yanka, ba ya cin namansa, kuma ba ya gaskata abin da ake nufi da shi. Amma kifin da yake iyo a ruwa halittar Allah ne, imanin wani game da ruwan bai haramta shi ba, kamar yadda bai haramta agadar da ta tsiro a gangaren ba. Abin da yake kanmu shi ne kame baki daga izgili, domin mun je garin mutane ne, kuma Alkur'ani ya hana mu zagin abin da wasu suke bauta wa. Na ji samari suna yi wa wata mai sayar da kifi ba'a a kan wannan al'ada da Hausa, suna zaton ba ta ji, alhali a ƙasar Asante mutane da yawa suna jin Hausar kasuwa. Malaman da suke raka ɗalibai su ja musu kunne tun a cikin mota.

Dole in dawo kan shara, domin ita ce babbar shaidar da muke bari a bayanmu. Bosomtwe ba shi da kogin da yake fitar da ruwansa. Ruwa yana shigarsa daga sama da ƙananan rafuffukan gangare, yana fita ne ta hanyar tururi idan rana ta yi zafi, tamkar ruwan da aka bari a ƙwarya a tsakar gida. Duk ledar ruwa da robar abinci da murfin kwalba da iska ko ruwan sama ya tura ciki, a nan zai zauna shekara da shekaru, a cikin ruwan da mutanen ƙauyuka suke kamun abincinsu. Wannan ma hujja ce ta cin abinci a rumfunan ƙauyen, domin mai rumfa tana zuba abinci a kwanon da za ta wanke ta sake amfani da shi, dokunu kuma a ganye yake zuwa, shi kuwa abincin da aka ɗauko daga gida kowane kaso da robarsa da ledarsa da cokalinsa na roba. Ƙungiyar da ta ga dole ne ta tafi da wani abu daga gida, saboda jarirai ko masu ciwon sukari ko ƙarancin kuɗi, ta tafi da buhunan da za ta kwaso shararta ta dawo da ita Kumasi.

Shi ma yawon jirgi yana da alaƙa da cin abinci fiye da yadda ake zato. Yanzu akwai jirage masu inji da suke ɗaukar baƙi su zaga da su, kuma tsari mafi kyau shi ne jagoran tafiya ya fara zuwa wurin masu abinci da zarar an sauka, ya faɗi yawan mutanensa, a yi ciniki, a ba da kafin alƙalami, sannan a shiga jirgi rukuni-rukuni. Kafin a dawo an soya kifi an daka eto, ba a yi dogon layi ba, mai abinci kuma ba ta yi asarar dafa abin da ba a saya ba. Kada a ci abinci a cikin jirgi, domin daga nan ne robobi suke faɗawa tsakiyar ruwa inda ba mai iya tsamo su, kuma miƙe-miƙen hannu da tashi tsaye suna karkata jirgi. Kada kowa ya shiga sai da rigar kariya daga nutsewa, kada a yarda a ɗora mutum fiye da adadin kujeru, kada kuma a bi direban da ake jin warin giya a bakinsa. An sha rasa rayuka a wannan tafki a ranakun hutu, yawanci matasa da suka shiga ruwan da ba su san zurfinsa ba. Yawancin 'ya'yan zangon Kumasi ba su iya iyo ba, domin ba su tashi a bakin kogi ba, kuma lokacin da manya suka duƙufa kan kwano shi ne lokacin da yara suke sulalewa bakin ruwa. A sa mutum biyu su tsaya gadi har a gama ci, su kuma a ajiye musu nasu.

Abin da nake roƙo a aikace, Malam Edita, shi ne sarakunan zangon Kumasi da limaman Juma'a da shugabannin makarantun Islamiyya su tura wakilai kafin Sallah mai zuwa, su je su gana da mai garin Abono da matan da suke sayar da abinci da masu jirage da wakilan majalisar gunduma. A zauna a amince da rumfunan da za su ware kasko don kifi kaɗai, a tsayar da farashin kwano ga ƙungiyoyi masu yawa, a nuna wurin salla, a kuma karɓi lambobin wayar masu abincin domin kowace makaranta ta riƙa sanar da zuwanta da kwana biyu ko uku, ta tura kuɗin cefane ta waya. Bayan haka a sanar da jama'a a masallatai da gidajen rediyon da suke shirye-shiryen Hausa. Ina kuma roƙon jaridarka ta aika wakilinta zuwa Abono a wata ranar hutu, ya zauna da matan da suke suya da masuntan padua ya ji ta bakinsu, ya buga mana abin da suka ce suna bukata daga gare mu, tunda ni ɓangaren baƙi kawai na iya kawowa a wannan wasiƙa.

Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Aboabo, Kumasi